Kowa da Abin da Ya Shigo Nema: Fashin Baƙi Kan Taurari da Fitowa a Tsofaffin Wasannin Kwaikwayo

Duk wanda ya taɓa zama a ajin adabi ya san tambayar nan da ba ta tsufa: kawo halayen babban tauraron wannan wasa. Amsar ma kusan an haddace ta. Wane jarumi ne, mai kishi, mai saurin fushi. Wance mai haƙuri ce, mai biyayya. Wane kuwa mugu ne, makiri. A jera su kamar an yi shanya, a ci maki, a wuce. Ban ce ƙarya aka yi ba. Sai dai rigar da aka ɗinka ɗin za ta shiga jikin mutum dubu, kuma ba ta bayyana dalilin da ya sa wasan da aka rubuta shekara 400 da suka wuce yake sa ɗakin kallo ya yi tsit har yau.

Kuskuren daga tushe yake. Wasan kwaikwayo ba shi da mai ba da labari. A ƙagaggen labari marubuci yana iya tsayawa ya ce maka wane ya tsorata, ko wance ƙarya take yi, kai kuma ka yarda tunda shi ne mai labarin. A kan dandamali babu wannan gata. Mutane ne kawai suke magana da juna, kowannensu da abin da ya shigo nema: wannan yana son a yafe masa, wancan yana son a gaskata shi, waccan tana son a bar maganar haka nan. Kowace kalma an faɗe ta ne ga wani, a wani lokaci, don a sami wani abu. Wanda ya tsinko magana daga inda aka faɗe ta ya ce ga halin tauraro, tamkar ya ɗebi ruwan kogi ne a moɗa ya ce a zo a ga yadda kogin ke gudu.

Aristotal, masanin falsafar Girka, ya hango haka tun wajen shekara ta 335 kafin Miladiyya. Da ya kasa wasan alhini gida shida, zubin abubuwan da suka faru ya sa a gaba, halayen taurari suka zo na biyu. Hujjarsa ita ce ana iya samun wasa mai taurari marasa hali na musamman, amma ba a iya samun wasan da ba a aikata komai a cikinsa ba. To in dai aiki ne ke gaba, wurin da ya kamata mai nazari ya sa ido shi ne fitowa, domin a nan ake aikin. Marubutan Faransa na ƙarni na 17 suna da wata al'ada mai amfani: duk lokacin da wani ya shigo ko ya fita, sabuwar fitowa ce a wurinsu, ko da ba a ja labule ba. Suna da gaskiya. Maganar da mutum biyu ke yi takan canza da zarar na uku ya yi sallama. Idan ka yanka wasa haka gunduwa-gunduwa, a kowane yanki sai ka tambayi kanka me kowa yake so, me ya tare masa hanya, kuma mene ne ya canza tsakanin shigarsa da fitarsa.

Misalin da ya fi kowanne nuna wannan, a ganina, yana cikin Otelo, wasan da Shekspiya ya rubuta wajen 1603 zuwa 1604. Kashi na uku, fitowa ta uku, wadda ta fi kowace tsawo a wasan, ta haura layi 450. Kusa da farkonta Otelo, baƙar fatan da ke jagorantar sojojin Benis a tsibirin Saifurus, yana bin amaryarsa Dasdimona da kallo, yana cewa ranar da ya daina son ta duniya ta hargitse. A ƙarshenta yana neman hanyar da zai kashe ta cikin gaggawa. Tsakanin nan da can ba ta aikata laifin komai ba. Duk aikin na bakin mutum ɗaya ne, Iyago, mai riƙe masa tuta.

Dubi yadda ya soma. Kasiyo, mataimakin Otelo da aka sauke daga muƙami saboda rigimar maye wadda Iyago ɗin ne ya ƙulla ta, ya zo roƙon Dasdimona ta sa masa baki. Da ya hango Otelo tafe kunya ta kama shi, ya sulale. Sai Iyago ya yi ɗan gunaguni, kamar da kansa yake, ya ce shi dai wannan abu bai yi masa ba. Otelo ya ce me ka ce? Ya ce ba komai. Otelo ya ce ba Kasiyo ba ne ya rabu da matata yanzu? Iyago ya ce anya kuwa, shi ba ya zaton Kasiyo zai sulale haka kamar marar gaskiya don ya hango maigida. Ka ga a baki kare Kasiyo yake yi, amma kalmar rashin gaskiya ta riga ta shiga kunne, kuma ta bakin mai kare shi ta shiga.

Daga nan sai ya koma maimaita maganar Otelo. Aka tambaye shi ko Kasiyo mai amana ne, ya amsa da tambaya: mai amana, ranka ya daɗe? Aka ce me kake tunani, ya ce tunani, ranka ya daɗe? Har sai da Otelo ya ƙosa ya ce mutumin nan yana mayar masa da magana kamar akwai wani dodo a cikin kansa da yake tsoron fitarwa. Wannan shi ne gwanintar. Iyago bai kai tsegumi ba, ya sa an roƙe shi tsegumin ne. Abin da mutum ya sha wuya kafin ya ƙwato daga bakin wani ya fi saurin gaskata shi a kan abin da aka kawo masa kyauta.

Amma ga inda masu jera halaye suke yin tuntuɓe. Da Iyago ya fito fili ya ambaci kishi, Otelo bai faɗa ramin ba. Cewa ya yi matarsa kyakkyawa ce, mai son mutane, mai waƙa da rawa, kuma wannan ba abin zargi ba ne. Tana da ido ta zaɓe shi. Sai ya gani kafin ya yi shakka. Mutumin da kishi ke cikin jininsa ba haka yake amsawa ba. Da wannan ƙofa ta ƙi buɗuwa sai Iyago ya zagaya ta wata. Ya ce shi ɗan ƙasa ne, ya san halin matan Benis, waɗanda ke ɓoye wa mazajensu abin da ba su iya ɓoye wa Allah. Sannan ya tuna masa cewa yarinyar nan ta yaudari mahaifinta kafin ta aure shi. Wannan magana ba Iyago ya ƙirƙiro ta ba. Mahaifin Dasdimona ne ya jefa wa Otelo ita a kashi na ɗaya, Iyago na tsaye yana ji, ya tsince ta ya adana har ranar amfaninta. Nan Otelo ya soma tangaɗi, kuma da aka bar shi shi kaɗai abin da ya fito daga bakinsa shi ne ƙila don shi baƙi ne, ƙila don bai iya lallausar maganar 'yan birni ba, ƙila don shekaru sun ja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar Otelo kuwa baƙunta ce: yana jagorantar sojan mutanen da bai taɓa tabbatar ya gama sanin su ba. Wannan ba ya cikin jerin “jarumi, mai kishi”. Fitowar ce kaɗai take nuna shi, domin a gabanmu aka ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya ta ƙi, aka ƙwanƙwasa ta biyu ta buɗe.

Sanannen hankicin nan da Iyago ya kafa hujja da shi ma ya cancanci a sake duba shi. Otelo ya ce kansa na ciwo, Dasdimona ta ciro hankicin da ya fara ba ta kyauta za ta ɗaure masa, ya ture ya ce ya yi kaɗan, ya faɗi ƙasa. Wato garin kula da shi ta yar, kuma shi ya jawo faɗuwar. Emiliya matar Iyago ta tsinta ta miƙa wa mijinta. Jim kaɗan Iyago yana gaya wa Otelo wai ya ga Kasiyo yana goge gemu da irin hankicin, alhali 'yan kallo sun san yana hannunsa. Fitowar ta rufe da su biyun sun durƙusa sun yi rantsuwa, Otelo ya ba shi muƙamin Kasiyo, shi kuma ya ce ni naka ne har abada. Ka saurari kalmomin da kyau, ka ji sun yi kama da na ɗaurin aure. Aure ɗaya ya mutu, an ƙulla wani a gurbinsa.

Akwai wani abu a wannan fitowa da ya kamata ya zama gargaɗi ga masu tsinto hikimomin Shekspiya suna yaɗawa. A nan ne Iyago ya yi jawabin nan mai daɗi cewa suna mai kyau shi ne dukiyar mutum ta gaske, wanda ya sace maka jakar kuɗi bai sace komai ba in aka kwatanta da wanda ya ɓata maka suna. A kashi na biyu kuwa, shi wannan Iyago ya gaya wa Kasiyo cewa suna aikin banza ne, ana samunsa ba cancanta a rasa shi ba laifi. Wanne ne ra'ayinsa? Babu ko ɗaya. A can yana son Kasiyo ya kwantar da hankali ya je wurin Dasdimona, a nan yana son Otelo ya ƙara matsa masa ya yi magana. Haka dalilansa na ƙiyayya suke: yau an tsallake shi an ba Kasiyo muƙami, gobe yana zargin Otelo da matarsa, jibi yana zargin Kasiyo ma da ita. Ya fi Otelo yawan magana a wasan da ke ɗauke da sunan Otelo, amma da asiri ya tonu aka tambaye shi dalili, cewa ya yi kada a tambaye shi komai, daga yau ba zai ƙara furta kalma ba. Marubucin ya rufe wannan ƙofa da gangan, kuma ina ganin mai nazarin da ya dage sai ya fito da dalili guda tak ya fi marubucin zaƙewa.

Abu na biyu da ke sa fitowa ta yi nauyi shi ne wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Girkawa sun ƙware a nan tun da daɗewa. Wasan Sarki Odifus na Sofokilis, wanda aka nuna a Atina wajen shekara ta 429 kafin Miladiyya, an yi shi ne ga mutanen da suka riga suka san ƙarshen labarin: sarkin da ke neman wanda ya kashe magabacinsa Layus, alhali shi ne ya kashe shi, kuma Layus ɗin ubansa ne, matar da ya aura kuwa uwarsa ce. 'Yan wasa uku ne kacal suke raba duk matsayin masu magana, fuskokinsu a rufe, ga 'yan amshi a gefe, kisa da zubar da jini kuma a bayan fage ake yin su sai dai manzo ya zo ya ba da labari. Babu fuskar da za a karanta, babu abin mamakin da za a ɓoye. Da me za a riƙe 'yan kallo?

Da tazarar da ke tsakanin saninsu da sanin tauraro. Wani manzo ya iso daga Korinti da labarin cewa Sarki Folibus, wanda Odifus ya ɗauka ubansa ne, ya rasu. Odifus ya ji sanyi, tunda duban da aka yi masa cewa zai kashe ubansa da alama bai tabbata ba, amma ya ce har yanzu yana tsoron sashen da ya shafi uwarsa. Manzon, don ya kwantar masa da hankali, ya ce ai ba su suka haife ka ba, ni na karɓo ka kana jariri daga hannun wani makiyayin gidan Layus, idon sawunka a huje. Aristotal da kansa wannan wuri ya ɗauka misalin yadda al'amari ke juyewa: mutum ya zo da albishir, albishirin ya zama ajali. To amma ka bar kallon masu maganar, ka kalli Jokasta, matar Odifus, da ke tsaye a gefe. Ita ce ta ba da jaririn nan a yar. Tun manzo bai rufe baki ba ta gane komai, kuma daga wannan lokaci abu ɗaya take so: a bar binciken. Ta roƙe shi, ta sake roƙo. Shi kuma ya fassara roƙon da cewa girman kai ne na 'yar sarauta, tana gudun a gano mijinta ɗan bayi ne. A fitowa ɗaya akwai sani hawa uku: manzo yana ganin alheri yake yi, Jokasta ta san ƙarshe ya zo, Odifus yana zaton asalinsa kawai yake nema. Ta shige gida ba ta ƙara fitowa da rai ba, shi kuma daga baya ya tsokale idanunsa da ƙarfen da take maƙale tufafinta. Garin neman gira an rasa ido, a zahiri ba a karin magana ba.

A nan ma akan yi gaggawar cewa aibin Odifus girman kai ne ko fushi. Kalmar da Aristotal ya yi amfani da ita ta fi kusa da kuskure, irin na maharbin da kibiyarsa ta kauce. Abin da ya kai Odifus ƙasa shi ne ainihin abin da ya sa shi sarki nagari, wato ya yi wa talakawansa alkawarin gano abin da ya jawo musu annoba, ya ƙi janyewa ko da aka roƙe shi. Wani abin dariya, wannan wasa da aka shafe sama da shekara 2,000 ana koyarwa na biyu ya zo a gasar da aka fara nuna shi.

Wani lokaci kuma marubuci yakan gina tauraro tun bai shigo ba. A wasan barkwancin Tartuf na Moliya ɗan ƙasar Faransa, wanda aka fara nunawa a 1664 aka hana, sai a 1669 aka sake shi, mai sunan wasan ba ya bayyana sai a kashi na uku cikin biyar. Kashi biyu cur ana ta gardama a kansa: maigida Orgon da tsohuwarsa sun ce waliyyi ne, sauran gida sun ce Musa ne a baki Fir'auna a zuci. Amma lura da wanda ake tona wa asiri a wannan jira. Orgon ya dawo daga tafiyar kwana biyu ya tambayi 'yar aiki Dorin labarin gida. Ta ce uwargida ta sha zazzaɓi da ciwon kai. Ya ce, Tartuf fa? Ta ce lafiyarsa ƙalau, ya ci ya yi nak, ya yi barci har safe. Ya ce, wayyo bawan Allah! Sau huɗu ana wannan zagaye, ita tana ba da labarin matarsa marar lafiya, shi yana tausaya wa ƙaton da ke cinye masa gida. Kafin mu ga Tartuf mun riga mun gane cewa ciwon gidan a jikin Orgon yake. Moliya da kansa matsayin Orgon ya fito a ciki, bai ɗauki na Tartuf ba.

Da Tartuf ya shigo kuwa, sai da ya hangi Dorin tukuna ya ɗaga murya yana umartar yaronsa ya adana masa kayan azabtar da kai na masu gudun duniya. Kalma ɗaya ta umarnin marubuci, cewa ya hango ta, ta gama bayani: ibadar tasa sai da ɗan kallo. Daga baya matar Orgon, Elmir, ta ɓoye mijin a ƙarƙashin tebur don gani ya kori ji. Tartuf yana neman ta ƙiri-ƙiri, tana ta tari don mijin ya fito, shiru. Bai motsa ba sai bayan da Tartuf ya ce ai Orgon mutum ne da ake ja ta hanci. An taɓa matarsa ya daure, an taɓa shi ya fito. Ba ka buƙatar wani jerin halaye bayan wannan.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 marubuta sun koma ɓoye manyan abubuwa a cikin ƙanana. Wasan Ibsen ɗan ƙasar Norwe na 1879, wanda za a iya kiran sa Gidan 'Yar Tsana, kowa ƙarshensa yake tunawa: Nora ta bar miji da 'ya'ya uku, an ji ƙarar rufe ƙofa. Masu sukarsa sun ce sauyin ya yi gaggawa, yaya matar da ke tsalle-tsalle kamar yarinya za ta rikiɗe dare ɗaya? Amsar tana mintunan farko. Nora ta shigo da sayayya, ɗan dako ya faɗi kuɗinsa ta ba shi ninki biyu, ta ciro ɗan biskit mai zaƙi da mijinta Torbal ya hana ta ci, ta ci a ɓoye, ta goge baki, da ya tambaya ta musa. Za ka ce almubazzara ce mai ƙaryar yara. Ba a jima ba sai mu ji cewa ita ce ta ci bashi a asirce, da sa hannun mahaifinta na jabu, ta kai mijin Italiya jinya ta ceci ransa, kuma shekaru tana biya da abin da take tsimi da aikin kwafar takardu cikin dare. Ashe yarintar ma wasa ce take yi masa, don ita ce yake so ya gani. Matar da ta riƙe wannan sirri shekara da shekaru ba a daren ƙarshe ta yi wayo ba.

Abin da ya canza a fitowar ƙarshe saninta ne game da shi. Ta sa rai in asiri ya tonu zai ce shi ya ɗauki laifin. Wasiƙar farko ta mai bin ta bashi ta zo ta tona asirin, ya zage ta tas, ya ce ba za ta ƙara renon 'ya'yansa ba, amma ta zauna a gidan don idon jama'a. Wasiƙa ta biyu ta zo da takardar bashin an dawo da ita, ya yi ihu ya ce ya tsira. Ta ce, ni fa? Tsakanin wasiƙun nan biyu ta ga mutumin da ta zauna da shi shekara takwas. Ta shiga ta tuɓe kayan rawar da ke jikinta ta sa na fita, ta ce ya zauna su yi magana. A Jamus a 1880 an matsa wa Ibsen har ya rubuta wani ƙarshen da Nora ta fasa tafiya saboda 'ya'yanta, shi da kansa kuma ya kira abin ta'asa.

Akwai iyaka ga duk wannan tono, ya kamata a faɗa. A 1904 wani malami Baturen Ingila, A. C. Bradley, ya fitar da littafin da ya nazarci taurarin Shekspiya kamar mutanen da suka taɓa rayuwa, har yana bin diddigin abin da ya faru da su kafin wasa ya soma. A 1933 L. C. Knights ya mayar da martani da maƙalar da takenta kansa ba'a ne, yana tambayar 'ya'ya nawa matar Makbet, ta wani wasan Shekspiya, ta haifa. Nufinsa tauraro kalmomi ne a takarda, ba shi da wata rayuwa a wajen abin da aka rubuta. Ga mai karatu, Knights ya fi gaskiya. Amma 'yar wasan da za ta tsaya ta faɗi layin da matar Makbet ke cewa ta taɓa shayarwa, ta san daɗin son jariri, dole ta yanke wa kanta shawarar inda jaririn nan yake, in ba haka ba layin zai fito fanko. Sharaɗin dai shi ne duk abin da aka ƙaddara a samo masa madogara a cikin rubutun.

Wanda ya fi wahalar da masu nazari shi ne Cekof na Rasha, domin a wurinsa abin da ba a faɗa ba ya fi wanda aka faɗa yawa. Wasansa na ƙarshe, Lambun Ceri, an fara nuna shi a Mosko a Janairun 1904, watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Shi ya ce wasan ban dariya ya rubuta, Stanislabski da ya shirya shi ya mai da shi na kuka, suka yi ta saɓani. Fitowa ɗaya a kashi na huɗu ta isa ta nuna yadda duka biyun za su iya zama daidai.

An sayar da gidan gado da lambunsa a gwanjo, wanda ya saya kuwa Lopakin ne, attajirin da ubansa da kakansa bayi ne a wannan gida. Tun farkon wasa kowa na cewa zai auri Barya, 'yar riƙon uwargidan. Ana ɗaure kaya za a watse, uwargida ta ce masa ya yi maganar yanzu, ya ce to, a shirye yake. Aka turo Barya aka bar su su biyu. Ta shigo tana dudduba kaya, wai tana neman wani abu da ta rasa inda ta sa. Ya tambaye ta ina za ta koma, ta ce wani gida za ta je aikin kula da gida. Ya ce shi Karkof ya nufa. Ya ce bara war haka ƙanƙara ta riga ta sauka, bana kuwa ga rana, sai dai akwai sanyi, ya kai awo uku ƙasa da sifiri. Ta ce ba ta duba ba, ma'aunin nasu ma ya fashe. Shiru. Sai wani ya ƙwala masa kira daga waje, marubucin kuma ya rubuta cewa ya amsa kamar wanda ya daɗe yana jiran kiran, ya fice da sauri.

Kalmar aure ba ta fito ba ko sau ɗaya. In ka bi abin da aka furta, hirar kaya ce da yanayin gari. In ka bi abin da kowa ya shigo nema, ita ta zo a tambaye ta, neman kayan kuwa dalilin tsayawa ne kawai. Shi ya zo ya tambaya, kowace jimla tasa hanyar zagaye tambayar ce. Me ya hana shi? Mai shirya wasa zai iya cewa ɗan bayin da ke cikinsa ne har yanzu bai yarda ya kai ba, ko da ya sayi gidan. Wani zai ce uwargidan ce a ransa tun yana yaro, tun ranar da ta wanke masa fuska bayan ubansa ya fasa masa hanci, labarin da shi da kansa ya bayar a farkon wasa. Wani kuma zai ce mutum ne da bai iya komai ba sai aiki. Kowanne yana da madogara a rubutun, kuma kowanne zai sa ɗan wasa ya faɗi maganar sanyin nan da wata murya dabam. Abin da Cekof ya rubuta bayan fitarsa gajere ne: Barya ta zauna a ƙasa, ta ɗora kai a kan ƙunshin tufafi, tana kuka a hankali. Ƙofa ta buɗe, uwargida ta leƙo ta ce, yaya? Ba ta sami amsa ba, sai ta ce lokacin tafiya ya yi.